Ranar da Aka Sauke Ni Saboda Ƙafar Saratu

Har yau ban manta da ranar da aka sauke ni daga kujerar alƙalanci a Kafanchan ba, kuma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ya kamata ku ji yadda aka yi.

Gasar ƙwallon tebur ce ta malaman makaranta, wata Asabar cikin damina. Ni ne alƙalin tebur a wasan ƙarshe na mata. Sama da ni akwai babban alƙali, Oga Danladi, wanda ke da ikon canza kowannenmu. 'Yan wasan su ne Malama Rifkatu, ta nan cikin gari, da Malama Saratu daga Kagoro. Saratu ta yi shan inna tun tana ƙarama, da ƙarfe a ƙafarta ta hagu take tsayawa. Duk sanda za ta yi sabis, wato bugun farko, sai ta jefa nauyinta a kan ƙafar, ƙarfen ya daki daɓen katako, dim!

Ga yadda dokar take. A da an hana buga ƙafa lokacin sabis, domin ƙarar tana ɓoye sautin ƙwallo, abokin wasa ya kasa gane irin juyin da aka ba ta. Daga baya aka ɗage hanin. Yanzu ba laifi ba ne, sai in alƙali ya ga da gangan ake yi don a rikita wani.

Da Saratu ta ci zagayen farko, kocin Rifkatu ya tafi wajen Oga Danladi ya yi ƙorafi kan bugun ƙafar Saratu, Oga kuma ya zo kaina.

"Bulus, ka ja mata kunne. In ta sake, ka ba Rifkatu maki."

Na ce, "Oga, ba da gangan take yi ba. Haka ƙafarta take."

Ya ce, "Na san dokar kamar yadda ka sani. Amma mutanen Rifkatu su suka ba mu zauren. Ta cire ƙarfen, ko ta daina."

Saratu ta ji. Ta dafa tebur ta ce, "Oga, in na cire, da rarrafe zan buga?"

Na ce, "Kana da ikon sauke ni, ka sauke ni. Amma bakina ba zai kira wannan laifi ba."

Ya ce in tashi, na tashi. Ya kira Malam Jauro, alƙalin tebur na biyu. Jauro ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da Bulus ya gani shi na gani." Ya kira wata alƙaliya, Madam Laraba, ta ce ita ma ba za ta hau ba. Dole shi da kansa ya zauna.

Saratu ta ɗaga ƙwallo, ta dube shi cikin ido, ta yi sabis. Dim! Kowa a zauren na kallon hannunsa, ko zai ɗaga shi ya kira laifi. Hannun bai ɗagu ba. Ta sake, bai ɗagu ba. Haka aka buga har ƙarshe, kuma Rifkatu ce ta ci, da ƙyar, da hannunta, ba da makin kyauta ba.

Bayan wannan an daɗe ba a kira ni gasa ba, har Oga Danladi ya yi ritaya. Ya yi mini ciwo, don ina son aikin, amma ban je na ba kowa haƙuri ba.

Abin da na koya shi ne, ba da umurni daga tsaye yana da sauƙi. Wanda ke kan kujera shi zai dubi ɗan wasa ya ɗaga hannu. In hukunci ya zo muku daga sama, kuka san ba za ku iya faɗinsa kuna kallon mutumin ba, ku tashi ku bar wa mai shi kujerar.