Wayar da Na Hana a Ɗaura

Shekarun baya, ina karatun injiniya a Villeurbanne ta ƙasar Faransawa, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Kawun abokina, dattijo mutumin Gaya da muke ce wa Baba, ya yi shekara talatin yana walda a wata masana'anta a Vénissieux. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohon ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya ajiye shi a tafkin Grand Large. Turawan da ke da jirage a wurin sun daɗe suna masa kallon baƙo. Abu ɗaya ya sa suka fara gaishe shi: waldarsa. Duk wanda ƙarfensa ya karye wajen Baba yake kaiwa.

Wata bazara ya ƙera sandar ƙarfe ya dasa a hancin jirgin, tana miƙe gaba, don ya ƙara babban ƙyalle mai kama iska. Saura waya, wadda Faransawa ke kira sous-barbe, da za ta taso daga bakin sandar ta sauko a ɗaure ta a gaban jirgin, kusa da ruwa. Ya sa aka kira ni in lissafa masa kaurinta, tunda ga injiniya a gida.

Ni ɗan Damagaram ne, ko kwalekwale ban taɓa shiga ba, amma ban faɗa ba. Na kwana biyu a gaban kwamfuta, na lissafa sandar kamar yadda muke yi a aji, nauyi yana danna ta ƙasa. Na dawo na shaida masa wayar ba ta da amfani, waya a ƙasa ba ta tare abin da ke faɗowa, kuma huda jirgi kusa da ruwa ganganci ne.

Ya ce, "Ɗana, iska hwa sama taka ja."

Na rufe shi da Faransanci da zane-zane har shafi uku. Ya duba takardun da ba ya iya karantawa sosai, ya ce to, ku kuka yi lakwal, ku ke da boko. Ya mayar da wayar cikin jaka.

Ranar gwaji Turawan nan suna tsaye a bakin ruwa. Muka fita, iska ta cika ƙyallen, har na fara murmushi. Sai ƙara. Sandar ta ɗaga sama ta lanƙwashe, ta ɓalle katakon hancin jirgin, ƙyallen ya zube cikin ruwa. Janyo mu aka yi da igiya.

Muna isowa wani Bature ya tambaya me ya faru, ina sous-barbe ɗin? Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "C'est ma soudure. Waldata ce ta saki, na tsufa."

Na sunkuya na dubi gindin sandar. Ƙarfe ya tanƙware, katako ya yage, amma waldarsa ko tsagewa ba ta yi ba. Na gani, ya ga na gani, na yi gum.

A mota na fara kame-kame, ya ce in bari. Wai ni ina da aiki a gaba, shi ya gama nasa.

Mun gyara jirgin, ya ɗaura wayarsa inda ya so tun farko, ni ina miƙa masa sufana. Amma abokina ya gaya mini daga baya Turawan sun daina kawo masa gyara.

Yau a Paris nake, ni ke sa hannu a lissafin wasu, kuma ba na taɓa takarda sai na tambayi mai aikin ta ina abin yake ja. Kunyar kuskuren ta wuce tuni. Wadda ta ƙi wucewa ita ce ta shirun nan. Kalma uku ce, “laifina ne, Baba”, a gaban mutanen. Ya rasu ban koma na faɗa musu ba.