Goggo da Mahaukacin Cikin Fim

Ranar da goggona ta zo Gusau daga Kwatarkwashi, ta cika mini kunne da zancen gero, sai na kunna mata fim a wayata don in huta. Wani mutum ne ke ta hira da matarsa, can a ƙarshe aka gane ta daɗe da mutuwa, likitoci suka kulle shi. 

Goggo ta ja tsaki. "Don wannan suka tsare bawan Allah? Kullum ina tuƙa tuwo ina yi wa marigayi Malam faɗa kan awakina da ya sayar."

Na ce, "Yana amsawa, Goggo?"

"Da yana da rai ma amsawa yake yi?"