Ruwan Dam da 'Ya'yan Tarwada

Shekarar da na fara kiwon tarwada a bayan gidanmu a Choggu, rani ya yi tsanani, famfo ya ɗauke. Tankuna biyu gare ni. Ɗaya na kifin da suka kai tsawon yatsa, ɗayan na sababbin ƙyanƙyasa, sirara kamar zare, kowanne da 'yar gwaiduwarsa rataye a ciki.

Da ruwa ya ƙare sai na sa mai babur mai ƙafa uku ya kawo mini na dam. Na zuba wa tankunan duka. Da la'asar maƙwabciyata ta leƙo, muna hira ta ce ai da safe ta ga wani mai lambu yana wanke tankinsa na feshin maganin ƙwari a bakin dam ɗin.

Na ruga wajen tankunan. Na tsuguna na duba, kifayen suna ta iyo abinsu. Hankalina dai ya ƙi kwanciya, na kira ƙanwata wadda ke karatun kimiyyar kifi a jami'a.

"Yaya, manya ne ko ƙanana?" ta tambaya.

Na ce duka biyu.

Sai ta ce jikin kifi yana da sinadaran da ke karya guba. Yawancinsu a hanta suke, wasu a hanji da ƙoda, wasu a wurin da yake numfashi a gefen kai. Ta taɓa yanka ɗan kifi siriri, ta rina shi, ta duba a madubin da ke ƙara girman abu, ta ga wuraren sun yi duhu.

"Na manyan sun yi ƙwari. Ƙananan kuwa hantarsu yanzu take haɗuwa. Ki canja musu ruwa, Yaya, kada ki jira."

Ina zan samu ruwa? Na bi gida-gida da bokiti. Wata tsohuwa mai rijiya ta bar ni na ɗiba har guga ya fara fito da laka. Ina zuba sabo ina rage tsoho, ina tsoron canjin ma ya kashe su.

Washegari ƙananan suka fara juyawa wuri ɗaya, wasu bayansu ya lanƙwashe. Kafin azahar ƙasan tankin ya yi fari da gawa. Na kwashe da rariya na binne a gindin darbejiya, don kada kaji su ci.

Manyan suka ƙi abinci. Nakan watsa musu in tsaya ina kallon ƙwayoyin suna yawo a saman ruwa. Ko tuwo aka kawo mini, a bakin tankin nake ci. Ranar Juma'a ɗaya ya taso ya cafke ƙwaya, sauran suka biyo shi.

Ƙanwata ta zo ƙarshen mako, ta ɗauki kaɗan daga manyan cikin kwalba don ta duba hantarsu. Na tambaye ta ko za su ciwu idan sun girma.

"Ki bari in gani tukuna," in ji ta.

Har damina ta sauka ban bar kowa ya taɓa su ba.