Tsohon Duba-gari da Katakon Madaci

Shugabanni uku na yi wa aiki a makarantar koyon sana'a kafin a ba mu mulkin kai, babu ɗaya da ya taɓa riƙe zarto. Na farko Bature ne, tsohon soja, shi in dai an yi fareti da safe to an yi karatu. Na biyu daga kotu aka ɗauko shi, ko guduma ce ta ɓata sai an kira shaidu. Ni da na shekara ashirin ina kafinta ba a ko tuna da ni, tunda ba ni da takarda. Wannan bai dame ni kamar zuwan na uku ba.

Shi tsohon duba-gari ne, ya yi shekaru yana leƙa randunan mutanen Ƙofar Ran, kuma hali zanen dutse. Ranar da ya kama aiki ya zubar wa maƙera ruwan da suke tsoma ƙarfe, wai sauro zai haihu a ciki.

Ina da katakon madaci a rumfar baya, na jera shi da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, damina uku yana bushewa a inuwa. Na ɗalibaina ne masu fita. Jarrabawarsu ita ce kowa ya yi ƙofa ta shiga gurbinta ta rufu, wanda ya ci ya sami takardar shiga aikin gwamnati. A cikinsu akwai wani magidanci Kirista daga kudancin Bauchi, mai 'ya'ya biyu, wanda ya bar gonarsa don wannan takarda. Ban taɓa koyar da mai hannu irin nasa ba.

Shugaba ya ce rumfar gidan ɓera ce. Na yi masa bayani har bakina ya bushe, ya ce ya ji. Da na tafi Zungur jana'izar kawuna, sai ya sa aka kwashe katakon aka baje a fili, aka share rumfar aka shafe ta da farar ƙasa. Kwana shida rana na dukansa, ruwan farkon damina na jiƙa shi. Na dawo na tarar duk ya kantare, wani ya tsage. Wallahi sai da na zauna a ƙasa don takaici.

"Ai gara da ya sha rana, Malam," in ji shugaba. "Ka ga rumfarka kuwa? Tsaf."

Babu wani katakon, saura mako biyu jarrabawa. Haka suka yi aiki da shi, ana gyara nan can na murɗewa. Mai jarrabawa ya zo daga Kaduna, ya yaba tsabtar makarantar, sannan ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Da ya tura ta magidancin nan, sai ta cije a sama. Ya sake turawa, ya yi rubutu, ya wuce.

Magidancin ya juyo gare ni, a gaban shugaba.

"Malam, hannuna ne, ko katakon?"

Na dubi shugaba, na tuna aikina da bakunan da nake ciyarwa. Na ce wa magidancin sai haƙuri, haka Allah ya so. Ya gyaɗa kai, ya tattara kayan aikinsa ya miƙo mini, ya ce to ashe sana'ar ba tasa ba ce.