Bugun Benci Biyu Da Ya Raba Ta Da Makaranta

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka yi wa mahaifina canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Jalingo, muka sauka a unguwar Sarkin Dawaki. A lokacin ni yarinya ce mai baki kamar reza, ga son a san da ni. Ban fi kowa karatu ba, abu ɗaya na fi su: da Hausa na buɗe baki. 'Yan ajinmu kuwa Mumuye ne da Fulani da Jukunawa, a Hausarsu mace kan zama "ya", namiji ya zama "ta", kuma babu wanda abin ya dama sai da na zo. Na ƙirƙiro wasa. Duk wanda ya juya "ya" da "ta", sai in buga benci sau biyu, aji kuma ya gyara masa da ihu. Da farko raha ce, daga baya kowa ya shiga tsoron buɗe baki, kuma wanda ya fi tsoro shi ya fi ɗaga murya idan an kama wani.

Wadda ta fi shan wuya wata yarinya ce da ke zuwa a ƙasa daga ƙauyen Kona. Duk ajin babu mai kama ƙafarta a lissafi, kuma gaskiyar magana hassada ce ta sa na sa ta a gaba. Kafin zangon ya yi nisa ta daina ɗaga hannu. Ana saura kwana kaɗan jarrabawa sai ta ɓace mako guda. Ranar Litinin ta dawo, ido a kumbure. Malamar ajinmu ta tsayar da ita a gaban allo, ta tambaye ta da Turanci inda ta shiga. Ta sake tambaya da Hausa. Yarinyar ba malama take kallo ba, hannuna take kallo, sauran 'yan aji ma haka. Ran malama ya ɓaci, ta rantse idan ba ta yi magana ba, ba za ta rubuta jarrabawa ba. Sai yarinyar ta ce mamanta ne ya rasu.

Wallahi kunnena "ya" kawai ya ji. Hannuna ya riga hankalina, na buga benci sau biyu, aji gaba ɗaya ya amsa mata da ƙarfi cewa ta rasu. Sai da ihun ya fita muka ji abin da muka faɗa. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, kuma ba ta sake taka makarantar ba. Malama ba ta dake ni ba, kallo ɗaya ta yi mini, da ma dukan ta yi.

Bayan shekaru, har na yi aure, na tsaya sayen doya a kasuwa, ashe yarinyar nan ce mai sayarwa. Ita ta fara gane ni. Na yi mata gaisuwar da ban yi ba tun wancan lokaci, na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tuntuni, sai dai har yau idan za ta ba 'ya'yanta labarin kakarsu, takan ɗan tsaya kafin kalmar, tana jiran ta ji an buga benci.

Magana zarar bunu ce, na gane haka a makare. 'Yan makaranta, da malaman da ke barin irin wannan wasa, ku bari mutum ya gama maganarsa kafin ku gyara masa. Ni na gyara harafi ɗaya, na raba marainiya da karatunta.