Mai rarraba magana

Inna ba ta taɓa gane aikin 'yarta ba. A gida Kunnuwa ake ce wa yarinyar, don tun tana rarrafe ba abin da ke wuce ta. Da ta girma sai asibiti suka ɗauke ta aikin saurare, wai! Tana zama a wani ɗan ɗaki da na'ura a kunne, tana jin hirar likitocin ƙwaƙwalwa da masu son barin sigari, kowace magana tana ajiye ta a gidanta: wannan tsoratarwa ce, wannan yabo, wannan sa ranar dainawa, wannan kawar da ashana daga aljihu.

"To ke da ba kya ba da magani, me kike warkarwa?" in ji Inna.

Sai Baba, wanda kafinta ne, ya fara tarin da ke durƙusar da shi a kan benci. Likita ya ce ko ya bar sigari ko huhun ya bar shi. Gida ya tashi tsaye. Inna ta yi kuka, Yaya ya kawo hoton ruɓaɓɓen huhu, Goggo ta lissafa matattu. Baba ya ji su tsaf, ya fita ya kunna wata.

"Duk maganarku gida ɗaya ce, Inna," in ji Kunnuwa. "Tsoro ne kawai. Shi kuwa Baba tsoro ba ya kama shi."

Ta same shi yana goge katako. Inna na laɓe a bakin ƙofa.

"Baba, abokinka mai walda yana son dainawa, ya kasa. Kai kaɗai yake jin kunya."

"Wannan raggon?" Baba ya hure garin katako. "Bar ni da shi."

Ikon Allah! Mutumin da ya gagari kowa, ga shi da asuwaki a baki yana sintiri gaban shagon walda, yana shinshina rigar abokinsa. Ta yaya zai kunna sigari, bayan shi ne mai tsaro? Tarin ya yi ta ja da baya. Inna kuwa har tsoron 'yar take ji.

Ranar nan mai walda ya tare Inna a hanya, ya rage murya.

"Yaya ƙirjin mutumin naki? Wallahi na sha wuya. Ba don 'yarki ta ce ni kaɗai yake jin kunya ba, da ban daina ba."