Wa Ya Buɗe Ƙofar Sito?

Jama'a, yau na ga abin da ya ɗaga min hankali!

Kun san sabon makullin siton gyaɗarmu na Ajingi, wanda sai da waya ake buɗe shi. Bayan azahar ni da Malam Habu mai gadi muna zaune muna jiran Alhaji mai sito. Sai ƙofa ta buɗe da kanta! Ga gyaɗar mutane cike a ciki.

Malam Habu ya miƙe. "Innalillahi! Malam, kai ka taɓa?"

Na ce, "Da me? Carbi ne a hannuna."

Na kira Alhaji, ya rantse ba shi ba ne. Na kira injiniyan da ya sa makullin. Ya duba ya ce, "Da wayar Malam Isa aka buɗe."

Malam Isa fa, mai kula da siton, ya rasu tun kafin azumi, Allah ya jiƙansa! An manta ba a cire sunansa daga cikin masu iya buɗe makullin ba. Ɗansa ya ce an sayar da wayar wajen rabon gado, bai san wanda ya saya ba.

Sai injiniya ya ƙara da cewa, "Malam, makullin nan ba ya buɗewa daga nesa. Mai wayar yana kusa da ku."

Muka waiwaya. Ranar kasuwa ce, kowa da waya a hannu.